Ba a Binne Gwaggo Duka Ba

Allah ya karɓi ran Gwaggo ranar Laraba da hantsi, lokacin da motocin albasa suka fara shigowa Malanbil don kasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar gidanmu ya kasa ɗaukar jama'a. Mutanen Gaya sun ƙetaro gada, na Garu sun zo bisa kekuna, tsofaffin Madekali biyu-biyu a bayan kabu-kabu. Duk matar da ta shigo, tun ba ta tuɓe takalmi ba sai ta ce, "Ita ta karɓe ni," ko kuwa, "Ita ta karɓi ɗiyana duka biyar." Baffa, ƙanen Gwaggo, wanda shi ne babban gidanmu yanzu, ya ce da ya dubi masu ɗaukar makara bai ga ko mutum ɗaya ba wanda ba ita ta yanke wa cibiya ba. Har wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya zo da kakinsa, ya durƙusa a zaure yana kuka ba kunya.

Masu gaisuwa sun faɗi abin da ake faɗi. Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, an kai ta gidanta na gaskiya. Ina ta amin, amin, har bakina ya bushe. Sai ga ƙawarta ta ƙuruciya, wata tsohuwa mai bandar kifi, wadda Dendanci ya fi mata Hausa sauƙi. Ta jawo tabarma kusa da ni. Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna ta matse, ta sunkuyo daidai kunnena.

"Ɗiyata, an binne ta duka kuwa?"

Na ce, "Haba Inna, wace irin tambaya ce wagga?"

"Kin san abin da ni ke nuhi. Ta hwaɗa mini."

Na tashi kamar ana kirana a madafa. Amma amsar ina da ita, kuma ita ce ta hana ni sakewa tun ranar. Ba a binne Gwaggo duka ba. Yanzu haka da nake wannan rubutu akwai wani abu na jikinta da yake raye a wata ƙasa mai sanyi, kuma ni ce na rantse mata zan maido shi ƙasa idan ta mutu. Ni mai sayar da albasa ce, lakwal ɗina, wato boko, bai wuce aji shida ba, amma idan ban fitar da maganar nan ba za ta cinye ni.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni da ƙanena bayan uwarmu ta rasu, ni na fara wayo, shi ko yaye ba a yi masa ba. Ungozoma ce tun kafin a haife ni. Doguwa, baƙa, ga faɗa kamar me. Idan ta ce "ke!" daga ƙuryar ɗaki, akuya ma sai ta saki abin da ke bakinta. Masu cewa ni na gaji bakinta ba su yi ƙarya ba.

Kuma tana da ƙafar gidanmu. Haka ake kiran abin a Garu, inda kakanninmu suka fito. Yaro zai tashi lafiya lau, yana gudu yana tsalle, sai wajen shekara tara ko goma takalmi ya fara zame masa. Tafin ƙafa ya ƙi ɗaguwa, ƙwauri ya tsotse ya koma irin na zalɓe. Mutum ya riƙa ɗaga gwiwa sama yana sakin ƙafa tana faɗuwa, ɓat, ɓat, kamar mai ratsa gonar shinkafa. Daga baya abin ya hau hannu. Ba kowa yake kamawa ba. Ya tsallake Baffa da ƙanena, ya kama mahaifinmu, ni kuwa ya shafe ni ne kawai, sai na wuni tsaye a kasuwa nake jan ta hagu. Mutanen Garu suna cewa wani kakanmu ne ya taka abin da ba a takawa a bakin gulbi. Gwaggo takan yi tsaki ta ce, "In shi ya taka, mi ya haɗa ƙafata da laihinshi?"

Da wannan ƙafar ta zagaye Malanbil lungu-lungu. Mata masu naƙuda sun sha gaya mini cewa tun tana bakin titi suke gane tafiyarta, hankalinsu ya kwanta.

Ɗa guda Allah ya ba ta, shi ma da ƙafar. Yana saurayi ya nace sai ya bi masunta a Garu, don kada a ce masa nakasasshe. Wata rana da ruwa ya cika, jirginsu ya kife. Sauran duk suka yi iyo suka fita. Shi ƙafarsa ba ta bugun ruwa. Kwana bakwai ana nema, har can ƙasa inda gulbi ya shiga Najeriya, ko hularsa ba a gani ba. Gwaggo ba ta sami gawar da za ta wanke ba. Tun daga ranar ba ta ƙara sa kifi a bakinta ba, kuma ƙawarta mai banda sai ta yi wanka ta sake zane kafin ta shigo gidanmu.

Ina jin daga nan ne gwangwanin ya samo asali. Wani tsohon gwangwanin madara ne, yana ƙarƙashin gadonta. Gashin da ya maƙale a mataji, farcen da ta yanke, ɓawon miki, duk ciki suke shiga. Ranar Juma'a da safe ta ja jiki zuwa gindin magaryar da ke tsakar gida, ta tona da guntun hauya, ta zuba, ta rufe. Mu ma haka ta hore mu. Ka yanke farce ka bari a ƙasa? Ranar sai ka yi da-na-sanin fitowa da yatsu.

Takan ce, "Ran tashi kowa na ta kanshi. Ni ina da aikina guda, neman yarona cikin ruwa. Ba ni ƙara wa kaina yawon tsintar gashi da haƙori da wagga ƙafa."

Baffa ya yi karatun littattafai, abin yana ba shi haushi. "Yaya, Allah da ya yi ki daga babu ba shi bukatar gwangwaninki."

"Na sani, malam. Ba don Shi ya kasa ba ne, don kunya ne. Ba a zuwa gaban babba da kaya a warwatse."

Wata shekara haƙori ya dame ta, na kai ta Kandi aka cire. Mun shiga mota, har mun bar gari, sai ta dafa kumatu ta ce, "Ina haƙorina?" Na ce ai sun yar. Wayyo! Sai da direba ya tsaya. Muka sauka cikin rana, muka koma da kabu-kabu, ni ina ta mita ita ko kallona ba ta yi. Ta zauna a ƙofar ɗakin cire haƙorin ta ce ba inda za ta. Da ma'aikacin ya gaji ya sa safar hannu ya tona kwandon shara, ya fito da haƙora uku, ya ce bai san wanne ne nata ba. Ta kwashe duka ukun ta ƙulle a bakin zane. "Sauran biyun ma na ɗiyan mutane ne," in ji ta.

Ba nata kaɗai take binnewa ba. Ma'aikacin duwan ɗin nan da ya yi kuka, uwarsa 'yar kudu ce, matar wani direban babbar mota. Suna cikin layin iyaka naƙuda ta kama ta, ba ta san kowa ba, ba ta jin yarenmu. Gwaggo ta karɓi haihuwar a ƙarƙashin mota, ta ɗauko uwar tafiya, wato mabiyiya, cikin tukunya har gidanmu, ta wanke, ta binne a gindin magarya kusa da inda aka binne ta ɗanta. Shekaru suka wuce, aiki ya kawo yaron Malanbil, ya shigo yana tambayar gidan tsohuwa mai ɗingishi mai magarya. Gwaggo ta nuna masa wurin da sandarta ba ta ko yi tunani ba. Ta ce, "Ga ka nan. Ka daina cewa kai baƙo ne."

To, wannan matar ce ƙanena ya zo ya roƙa guntun fatarta.

Shi Allah ya ba kan karatu. Lakwal ta kai shi Kandi, ta kai shi Kotonu, ta tsallaka da shi Turai. Shekara da shekaru muna cewa lokotoro ne, ashe ba mai duba marasa lafiya ba ne, aikinsa a ɗakin gwaji yake, yana leƙen abubuwan da ido ba ya gani. Ya zo hutu, lokacin Gwaggo ta daina tafiya, hannu ma ya ƙi riƙe reza, ta bar karɓar haihuwa. Ya zauna a bakin tabarmarta, ni da Baffa muna wurin.

Ya ce, "Gwaggo, ciwonga ba a ƙafa ya ke ba. Akwai wata jijiya siririya mai kai saƙo daga ƙashin baya zuwa yatsu. Ita ce ke mutuwa sannu-sannu, daga ƙarshenta. Ba mu iya yanko ta mu duba, sai mu ƙara nakasa mutum. Amma an gano wata hanya. Jikin mutum duk ƙwayoyi ne ƙanana. In munka ɗauki 'yar fata kamar ƙwayar wake, muna iya lallashin ƙwayoyinta su manta su fata ne, su koma irin na ɗan tayi, wanda bai riga ya zama komi ba. Sannan mu yi renonsu da abincin da za ya sa su zama jijiya. Jijiyarki ce, da ciwonki a ciki, amma cikin faranti. Mu ga ta inda ta ke lalacewa, mu gwada magani bisanta. Wata rana ƙila har a iya gyara wadda ta mutu."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa. "Wato ka mai da tsohuwa jinjira."

"Kusan haka."

"Ashe duk wanga karatu ungozoma ka zama!"

Muka yi dariya, har Baffa. Sai ta ce, "In kun gama, ina ku ke binne ta?"

Ƙanena ya sosa ƙeya. "Ba a binnewa, Gwaggo. Ana aje ta cikin sanyi. Tana iya yin shekaru da ranta."

Dariya ta ɗauke.

"Tashi ka ba ni wuri! Na goye ka da wagga ƙafa, na kai ka lakwal ana yi mini dariya, ka dawo ka ce in ba ka namana a sa cikin firigo? Allah ya shirye ka. Hita!"

Kwana biyar ba ta amsa gaisuwarsa ba. Baffa ya goya mata baya, ya ce jikin ɗan Adam amana ce. Ni kuwa nawa bakin ya fi na kowa. Na ce masa in abin kirki ne ya je ya yanki na mutanen can, mu ba awakin gwaji ba ne. Yau idan na tuna, kunya nake ji.

A rana ta shida ina tsakar gida ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa, sai ɗiyata ta dawo daga lakwal. Shekararta tara a lokacin. Sunan Gwaggo aka sa mata, don haka ba na iya kiran sunan, Takwara muke ce mata. Daga cikin ɗaki na ji Gwaggo ta ce, "Wa ya shigo?"

"Takwararki ce."

"Ce mata ta koma zaure ta sake shigowa."

Yarinya ta koma tana dariya, ta zaci wasa ne. Ta sake shigowa. Wannan karon ni ma na saurara. Ƙafar dama lafiya. Ta hagu, ɓat.

Albasar da ke hannuna ta faɗi. Wata uku ina dukan yarinyar nan wai tana lalata takalmi, tana jan ƙafa don iskanci. Ina gani da idona na ƙi gani, ita kuwa tsohuwa tana kwance a ɗaki ta ji da kunne. Ta sa aka kawo mata ita, ta ɗora ƙafar bisa cinyarta, ta shafa da bayan hannu, don yatsunta sun daina ji. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce da ni, ba ta ɗago kai ba, "Kira mini ungozoma." Ƙanena take nufi.

A wani asibiti a Faraku aka yi aikin. Tafiyar ta wahalar da ita, amma yankan ko minti goma bai kai ba. An yi mata allurar kashe zafi a cikin damtse, aka ɗauki ɗan abu, aka jefa a wata 'yar kwalba mai jan ruwa. Ta ce a miƙo mata ta gani. Ta daɗe tana kallonsa yana lilo a ciki, sannan ta juya wurin ƙanena.

"Wanga za ya warkar da yarinyagga?"

"Ban yi miki alkawari ba, Gwaggo. Ƙila ita, ƙila ɗiyanta, ƙila ba kowa."

"Madalla. Da ka ce i, da na karɓe abina. Ungozoma mai alkawari maƙaryaciya ce."

Akwai takarda da Faransanci, aka karanta aka fassara mata. A ciki an ce duk ranar da ta ga dama tana iya cewa a tsaya, ita ko wanda ta wakilta. Ta nuna ni. Da aka zo dangwala yatsa, babban yatsanta ba shi da ƙarfin dannawa. Ni na kama shi na danna mata.

A hanyar dawowa, da muka wuce Gene, iskar gulbi ta fara bugo mu. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Aro na ba shi, ba kyauta ba. Ran da na mutu ki karɓo. In kabari ya riga ya ruhe, ki sa shi gindin magarya. Ce Allah."

Na ce, "Allah."

Na faɗa da sauri, don a lokacin mutuwarta ta yi mini nisa, kuma na ɗauka kafin nan an gama komai.

Ashe abin ba a gama shi kamar tuwo. Sau biyu ƙwayoyin suna mutuwa a rabin hanya, ana komawa ga waɗanda aka ajiye. Sai da aka haura shekara sannan wata rana da la'asar ƙanena ya turo hoto mai motsi a wayata, ya kira ya ce in kai mata. Na zauna kusa da ita na riƙe wayar. Duhu ne, da wasu zare-zare sirara sun miƙe suna kama juna. Can sai wani ya yi ƙyal da koren haske, na kusa da shi ya amsa, hasken ya bi zaren ya wuce.

Gwaggo ta ƙura wa wayar ido. Sannan a hankali ta ce, "Haka hitilun masu nema sunka yi bisa gulbi."

Ƙanena bai ji ba. Yana ta murna a waya. "Ke ce, Gwaggo! Jijiyarki ce. Suna magana da juna."

"Mi su ke cewa?"

"Ban sani ba tukuna."

"Wa ke ba su abinci?"

"Ni. Kullum, har ran Salla."

Tun daga ranar ta sa wa abin suna, "ta can." Duk kiran da ƙanena ya yi, kafin ta tambayi lafiyarsa sai ta ce, "Ta ci?" Idan tabon damtsenta ya yi ƙaiƙayi sai ta ce ta can ce take motsi. Wani lokaci ina shiga in same ta ta ɗora bayan hannu bisa tabon, bakinta yana motsi, ban san ko addu'a take yi ba ko rarrashi. Ganin haka na sa rai za ta sauke mini rantsuwar. Ina! Ba ta sauke ba. Sati guda kafin rasuwarta, ina shafa mata mai a ƙafa, ta buɗe ido ta ce, "Kin tuna?"

"Na tuna, Gwaggo."

"To."

Ita ke nan maganar ƙarshe da muka yi a kan abin.

Ƙanena bai sami jana'iza ba, sai sadakar bakwai. Bayan mutane sun watse Baffa ya zaunar da mu. Ya ce shi bai taɓa yarda da gwangwani ba, amma wasiyya wasiyya ce, kuma an ambaci sunan Allah. A maido abin mutane.

Ƙanena ya rame, idonsa ya yi ja. Ya ce fatar da aka yanka ta daɗe da ƙarewa, waɗannan jikokin jikokinta ne, suna cikin ƙananan kwalabe da yawa. Baffa ya ce, "Ita ce ko ba ita ba ce?" Ƙanena ya ce ita ce. Ya ce sun gano daidai inda zaren yake fara mutuwa, kuma cikin magungunan da suka gwada akwai guda da yake rage masa sauri. A faranti kawai, bai ce a jikin mutum ba.

Na zage hannun riga na miƙa masa damtsena. "Ga tawa. Yanki yadda ka ke so, ka maido mini tata."

"Za ni ɗauka, Yaya, in kin yarda. Amma taki ciwon bai nuna sosai a cikinta ba, kuma komawa farko shekara uku ne ko huɗu. Takwara yanzu sha uku gare ta. Magana taki ce, ke anka rubuta. In kin ce a tsaya, da hannuna za ni kashe su, in nemi izni in kawo miki cikin kwalba."

Kashe su. Matar da ta yi rayuwarta tana hura wa jarirai iska a hanci. Na ce su ba ni zuwa arba'in.

Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyin waɗannan ba. Mutane suna cewa mamaci yana zuwa a mafarki. Ni Gwaggo ba ta zo mini a mafarki ba, da rana tsaka take zuwa. Ina zaune tsakar gida, rana ta take, sai in ji ta a zaure. Ɓat, ɓat. Tafiyar da na sani tun ina goye da ƙanena. Sau biyu har na buɗe baki na ce, "Sannu, Gwaggo." Sai labule ya ɗaga, in ga ɗiyata da jakar lakwal. Yanzu ƙafafun duka biyu ne.

Wata rana ina jin wannan tafiyar na kasa daurewa, na daka mata tsawa na ce ta riƙa ɗaga ƙafa kamar mutane. Ta tsaya ta dube ni, ta shige ɗaki. Da na huce na bi ta in ba ta haƙuri. Na same ta a ƙasa da littafinta, tana ɗaure biro a yatsunta da roba, tana ja da haƙori. Da ta gan ni ta ɓoye hannun a bayanta.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun kahin Gwaggo ta rasu. Ita ta koya mini ɗaurin. Ta ce kar in hwaɗa miki, kina da abin da ya ishe ki."

Na fita na zauna a gindin magarya na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ta sani. Ta ga hannun yarinyar nan, ta ɗaura mata roba da bakinta, kuma duk da haka ta dube ni ta ce, "Kin tuna?" Na juya maganar nan ta kowane gefe. Wata rana in ce tsoron ranar tashi ne ya fi ƙarfinta. Wata rana in ce ta kasa saukewa da bakinta ne, ta bar mini in ɗauka. Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Ranar arba'in da safe, kafin mata su ɗora tukwanen sadaka, na jawo gwangwanin daga ƙarƙashin gado. Akwai farin gashi kaɗan a ciki, da farce. Na ɗauki guntun hauyarta na tona. Ƙawarta mai banda ta riga kowa zuwa, tana zaune bisa turmi tana kallona. Na zuba, na rufe, na danna ƙasar da tafin hannu. Sannan na ɗauki waya na kira ƙanena, wanda ya riga ya koma.

Na ce, "Ta ci yau?"

Ya ce, "Ta ci, Yaya."

"Ka ci gaba da ba ta."

Na kashe wayar tun bai ce komai ba. Tsohuwa ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Inna, kin tambaye ni ran nan. Ba duka anka binne ba. Ni na hana." Ta gyaɗa kai, ta kama sandarta ta tashi, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ba ta ce na yi daidai ba. Baffa kuwa tun ranar idan na gaishe shi da hannu yake amsawa.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka da ta karɓi bayinka da hannu biyu, ka yalwata mata kabarinta, ka haɗa ta da yaronta. Jama'ar da ta yanke wa cibiya, don Allah kada ku bar ta da addu'ar kwana arba'in kawai.

Ke kuma Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba, ke kika hana ni. Na ce Allah, kuma na karya ina sane. Ban san ko yarinyar nan za ta ga amfaninsa ba, ungozomarki har yau ya ƙi yin alkawari. Abu ɗaya nake roƙo. Ran tashi ki kama hanyar gulbi ki nemi yaronki kamar yadda kika shirya, kada ki juya ko'ina. Wancan yawon na ƙasar sanyi nawa ne. Ni na danna yatsanki a takarda, ni zan je in tsinto ki, kwalba-kwalba, in kawo miki. In kin ga na daɗe, ki jira ni a gindin magarya. Kin san ƙafar gidanmu ba ta sauri.